Kibod Ɗaya, Manhajoji Ɗari: Wa Zai Ji Abin da Ka Danna?

 

An nemi in yi magana kan yadda kanel, wato cibiyar babbar manhajar da ke juya kwamfuta, yake raba kayan aiki tsakanin manhajojin da ke gudana a ƙarƙashinsa. Fagen yana da faɗi, saboda haka na ɗauki abu guda wanda na ga ana raina shi a azuzuwanmu: kibod. Mukan kwashe makonni kan rabon lokacin furosesa da rabon memori, amma da an zo kan kibod sai a ce ai direba ne ke karanta maɓalli ya miƙa wa manhaja, a wuce gaba. To, wace manhaja? Kwamfutar da ke gaban kowannenku tana ɗauke da manhajoji fiye da ɗari da ke raye a yanzu haka, yawancinsu ba ku ma san da zamansu ba. Kibod kuwa ɗaya ne.

Furosesa rabon kwana ake yi masa, yau ɗakin wannan, gobe ɗakin waccan, sai dai kwanan nasa bai kai ƙiftawar ido ba, kuma wadda aka jinkirta wa ba ta rasa komai sai lokaci. Memori yanka shi ake yi, kowa ya riƙe nasa. Kibod bai karɓi ko ɗaya daga cikin biyun ba. In ka rubuta kalmar sirrinka aka ba wata manhaja haruffa uku na farko, aka ba wata ragowar, an yi ɓarna. In kuma aka ba kowacce cikakken kwafi, an tona maka asiri. Duk maɓallin da mutum ya danna akwai wanda yake nufi da shi, kanel kuwa ba ya ganin niyya, lamba kawai yake gani. Saboda haka maganar kibod maganar iko ce: wa ke yanke hukuncin inda lambar za ta je, kuma wa zai iya karɓe kibod daga hannun wanda aka ba. Zan nuna muku cewa duk lokacin da aka bar manhajoji su sasanta wannan a tsakaninsu, mai kwamfuta ne ya sha wuya.

Mu fara daga waya. Kibod ba ya aika haruffa. A kwamfutar IBM PC ta 1981 akwai wani ɗan ƙaramin furosesa, Intel 8048, a cikin kibod ɗin kansa, aikinsa ya riƙa zagaya maɓallai yana duba wanda ya sauka da wanda ya tashi. In maɓallin da aka rubuta wa A ya sauka, sai ya aika lamba 30. In ya tashi, ya aika 158, wato 30 da ƙarin 128. Lambar ta mazaunin maɓallin ce. A kibod ɗin Faransa harafin Q ne ke zaune a wannan wuri, lambar kuma tana nan yadda take. Har yau a Linux lambar wannan maɓalli 30 ce, ko da kibod ɗinka na USB ne. Shi na USB ma ba ya cewa an danna ko an saki. Kwamfuta ce ke tambayarsa, galibi sau 125 a sakan ɗaya, shi kuma ya ba da rahoton maɓallan da ke ƙasa a wannan lokaci. A tsari mafi sauƙi rahoton bayit 8 ne: ɗaya na su Shift da Ctrl da Alt, ɗaya a ajiye, shida na sauran maɓallai. Direba ne ke gwada rahoton yanzu da na baya ya gano abin da ya canza.

Ku riƙe abu ɗaya daga nan, don za mu dawo kansa: kowane dannawa saƙo biyu ne, sauka da tashi. Wanda ya ji saukar dole ya ji tashin, in ba haka ba zai zaci har yanzu yatsa na kan maɓallin.

A zamanin DOS ba a yi tanadin gasa ba, domin manhaja ɗaya ce ke gudana a lokaci guda. Lamba ta iso, a katse furosesa da katsewa mai lamba 9, BIOS ya mayar da ita harafi ya ajiye a wani ɗan layin jira mai cin maɓalli 15. In layin ya cika sai kwamfuta ta yi ƙara, manya a ɗakin nan sun san wannan ƙarar. Matsalar ita ce teburin da ke nuna wa furosesa inda zai je in an katse shi a buɗe yake, kowace manhaja na iya rubutu a kai. Sai aka fara ƙirƙiro manhajojin da ke laɓewa a memori bayan sun ce sun gama aiki. Mafi shahara ita ce SideKick ta kamfanin Borland, wadda ta fito a 1984: kana cikin aikinka ka danna Ctrl da Alt, sai ga kalkuleta ko littafin rubutu ya faɗo kan allo. Dabarar ita ce ta goge adireshin BIOS daga teburin ta sa nata, ta fara duba kowane maɓalli, wanda ba nata ba ta miƙa wa wanda ta tarar a wurin.

Da manhaja ɗaya ce ke yin haka da sauƙi. Da suka zama huɗu, biyar, sai aka sami sarƙa, kowacce tana miƙa wa ta bayanta. Bahaushe ya ce wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi, amma a nan akasin haka ne: wadda ta shigo ƙarshe ita ke fara ji. Shi ya sa kowacce takan zo da umurnin a loda ta a ƙarshe, har da SideKick ɗin. Wasu ma sukan laɓe a bugun agogon kwamfuta, mai bugawa kusan sau 18 a sakan, suna leƙa teburin, in sun ga wata ta sha gabansu su sake mayar da kansu gaba. In biyu masu wannan hali suka haɗu, ko aka cire wata daga tsakiyar sarƙa, sai kwamfuta ta sandare. Babu alƙali a wurin.

Unix ya riga DOS da fiye da shekara goma, amma shi da alƙalinsa ya zo, domin tun farko an gina shi ne don mutane da yawa a kan na'ura ɗaya, kowa da taminal ɗinsa. Tsakanin waya da manhaja kanel ya sa wani mataki mai kula da layin rubutu. Shi ke tara haruffa har a danna Enter, shi ke goge harafi in ka yi kuskure, shi ke nuna maka abin da ka rubuta. Kuma shi ke tsame wasu maɓallai tun kafin su kai ga kowa. In ka danna Ctrl da C, manhajar ba ta karɓar harafi, sigina kanel ke aika mata cewa ta tsaya. Wannan shi ne karo na farko a labarinmu da muka ga kanel ya ce akwai maɓallin da yake nasa ne.

A farkon shekarun 1980, Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya shigo da tsarin aikin gaba da aikin baya. Kowane taminal yana da rukunin manhajoji guda ɗaya tak da ke gaba, kuma shel, manhajar da ke karɓar umurninka, ita ke gaya wa kanel wane rukuni ne. In wata da ke baya ta miƙa hannu za ta karanta kibod, kanel ba ya ba ta komai, ba ya kuma kashe ta. Sai ya aika mata sigina mai suna SIGTTIN, ta daskare a wurin har sai ka jawo ta gaba da kanka. Ina ganin wannan na cikin mafi kyawun dabarun da aka taɓa yi a fagen. Kanel bai san niyyarka ba, sai ya ƙi yin hasashe, ya tsayar da mai nema ya jira ka faɗa.

Duk da haka akwai ɓaraka. A taminal, wanda ya karanta harafi ya cinye shi. In manhajoji biyu na cikin rukunin gaba ɗaya suka yi karatu tare, sai wannan ta wawuri layi, waccan ta wawuri na gaba, ba mai iya faɗin wanda zai samu me. Haka nan manhaja irin edita takan ce wa kanel ya daina gyaran layi ya ba ta maɓallai ɗanye. In ta mutu ba ta mayar da saitin ba, sai ka ga kana rubutu ba ka ganin komai. Duk wanda ya daɗe a aikin nan ya taɓa rubuta reset a makance.

Da tagogi suka zo sai tambayar ta ƙara tsauri, kuma a nan nake so mu ɗan zauna, domin akwai wani zaɓi da ba shi da amsa mai daɗi. Ka ɗauka mai saurin rubutu ya danna maɓallan buɗe fayil, nan take ya ci gaba da rubuta sunan fayil ɗin, alhali akwatin da zai karɓi sunan bai riga ya bayyana ba. Ina haruffan za su je? Niyyarsa a fili take, akwatin yake nufi. Hanyar cika masa wannan niyya guda ce: kada a yanke hukunci kan maɓalli na biyu sai manhaja ta gama da na farko, tunda na farkon na iya canza wanda zai karɓi na biyun. Haka Windows 3.1 ya yi, haka ma OS/2 na IBM: layin jira ɗaya ga kowa da kowa, ana cire saƙo ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon shi ne, in manhaja ɗaya ta maƙale ta daina karɓar saƙonta, kibod da linzami sun mutu ga duk kwamfutar. OS/2 yana da kanel mai ƙarfi, sauran manhajoji na can suna ta aikinsu lafiya, amma mai kwamfuta ba shi da bakin yi musu magana. Wannan layi ɗaya ya daɗe yana ɓata wa OS/2 suna.

Windows NT, da ya fito a 1993, ya bi ɗaya hanyar. Wani sashe na babbar manhaja ke karɓar maɓallai yana jefa kowanne a layin wanda ke riƙe da tagar gaba a wannan lokaci, kowa da layinsa. Manhaja ta maƙale, ta maƙale ita kaɗai. Amma an biya farashi. Yanzu inda harafi zai faɗa ya dogara da wanda ke gaba a daidai sakan ɗin da ya iso. Kana cikin rubuta wasiƙa sai wani akwati ya faɗo yana tambaya ko a sake kunna kwamfuta, yatsanka kuma ya riga ya sauka kan Enter. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Daga baya Microsoft ya taƙaita wa manhajoji ikon tura kansu gaba, shi ya sa kuke ganin alamar manhaja tana walƙiya a ƙasan allo tana neman a kula ta. An rage cutar, ba a warkar da ita ba.

Yanzu mu zo kan Linux na yau, wanda yawancinku za ku iya buɗe cikinsa ku karanta. Tsarin shigar da saƙon kibod da linzami, wanda Vojtech Pavlik ya assasa, ya raba aikin gida biyu. Direbobi suna ƙasa, na USB, na PS/2, na Bluetooth, kowanne yana mayar da abin da ya samu zuwa siga ɗaya. Masu sauraro suna sama. Ɗaya daga cikinsu shi ne evdev, wanda ke ba kowace na'ura fayil a cikin /dev/input. Saƙon da ake karantawa daga fayil ɗin bayit 24 ne a kwamfuta mai bit 64: lokaci, iri, lamba, da ƙima. Ƙima 1 sauka, 0 tashi, 2 maimaici in an riƙe maɓalli.

Bambancinsa da taminal babba ne. A nan karatu ba ya cinye komai. Duk manhajar da ta buɗe fayil ɗin kanel zai yi mata nata layin, ya zuba mata kwafin kowane saƙo. In ta yi nawa layinta ya cika, ba a tsayar da kowa dominta. A zubar da saƙonninta, a sa mata alamar SYN_DROPPED, ita ta san yadda za ta tambayi na'ura halin da maɓallai ke ciki. An kauce wa ciwon OS/2 ke nan. Sai dai wanda duk ya iya buɗe fayil ɗin yana jin komai, ko wace taga ce ke gaba, domin kanel bai san taga ba sam. Abin da ya tsare ƙofar shi ne izinin fayil kawai: shugaban na'ura, wato root, da 'yan rukunin input. In kun ga wani bayani a intanet yana cewa ku sa kanku a wannan rukuni don wata manhaja ta yi aiki, ku sani kun ba duk manhajar da kuke kunnawa damar naɗar kalmomin sirrinku.

Akwai kuma wani mai sauraro da ake mantawa da shi: tsohon taminal na rubutu zalla, wanda ke nan a ƙarƙashin tagogi. Shi ma yana jin kibod ɗin. Dole manhajar tagogi ta ce wa kanel ya toshe masa kunne, in ba haka ba abin da kake rubutawa a sama yana zuba a ƙasa. In ta mutu ba ta buɗe masa kunnen ba, kibod ya zama kamar matacce, kuma don irin wannan rana ce kanel ya ajiye Alt da SysRq da R, masu dawo da kibod hannun taminal.

Mai son kibod shi kaɗai yana da kira guda, EVIOCGRAB. Da ya yi shi, kanel zai daina ba kowa saƙon wannan na'ura sai shi; wanda ya zo nema daga baya a ce masa an riga shi. Da wannan ne manhajojin sauya maɓallai ke aiki: su kama kibod na gaskiya, su ƙirƙiri na bogi ta hanyar uinput, su riƙa zuba masa abin da suka ga dama. In mai kamun ya mutu, kanel zai saki kibod da kansa. In kuwa maƙalewa ya yi bai mutu ba, an shiga uku, domin kamun yana tsallake har mai sauraron SysRq. Kuma in ka kunna irin waɗannan manhajoji biyu ba tare da kula ba, ɗaya na iya kama kibod ɗin bogi na ɗayar. Sarƙar DOS ta dawo ta bayan gida.

Tunda kanel bai san taga ba, hukuncin wa ke gaba ya koma hannun manhajar tagogi. Shekaru da yawa wannan ita ce X, wadda aka fara a MIT a 1984, sigarta ta 11 ta fito a 1987. An gina ta a zamanin da ake ɗaukar duk manhajar da ke kan allonka amintacciya ce. Kowacce na iya neman a sanar da ita duk maɓallin da aka danna a kowace taga, kowacce na iya ƙirƙirar dannawa ta tura wa wata. A 2011 Joanna Rutkowska, masaniyar tsaro 'yar ƙasar Folan, ta nuna cewa da ɗan umurnin xinput, ba tare da wani izini na musamman ba, ana ganin kalmar sirrin da ake rubuta wa shugaban na'ura a wata taga. Ba kuskuren rubutun manhaja ba ne, haka aka tsara abin.

Makullin allo a X ma manhaja ce kamar kowacce, wadda ta shimfiɗa babbar taga ta kama kibod. Amma jerin zaɓi da ke saukowa in ka danna linzami shi ma kama kibod yake yi, kuma kamu ɗaya ake yi a lokaci guda. Saboda haka in ka bar irin wannan jeri a buɗe ka tashi, allon na iya ƙin kulluwa. Abin da ya fi wannan ban dariya ya faru a farkon 2012. Masu gina X sun tanadi wasu maɓallai na karya kamu, don ceton wanda manhaja ta maƙale masa da kibod. Sai aka wayi gari maɓallan suna kunne ga kowa a sigar 1.11, ya zama duk wanda ya danna Ctrl da Alt da alamar tauraro ta ɓangaren lambobi ya buɗe kulallen allo ba kalmar sirri. Ƙofar ceto da ƙofar ɓarawo ɗaya ce, in tsarin bai bambance makulli da sauran manhajoji ba.

Wayland, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008, ya yanke hukunci mai tsauri. Manhaja ɗaya ce, mai haɗa tagogi, ke taɓa na'urorin. Sauran ba sa jin komai sai lokacin da tagarsu ke gaba. Ita ma mai haɗa tagogin ba da kanta take buɗe fayil ɗin ba, wani mai kula da zaman masu amfani, irin logind, shi ke buɗewa ya miƙa mata. Ga inda kanel ya sake shigowa. A al'adar Unix, fayil in an buɗe maka shi ya zama naka har ka rufe. Ke nan in mutum biyu na amfani da kwamfuta ɗaya, na farko ya matsa na biyu ya zauna, manhajar na farko na iya ci gaba da sauraro. A 2013, a Linux 3.12, aka ƙara EVIOCREVOKE, wanda ke kashe buɗaɗɗen fayil ɗin a hannun mai riƙe da shi. A wurina wannan ɗan ƙaramin kira ya fi kamu muhimmanci, domin sai da shi ne ba da kibod ya zama aro.

Akwai tsohuwar damfara tun zamanin taminal: ɗalibi ya rubuta manhaja mai kama da allon shiga, ya tashi ya bar ta, na bayansa ya zo ya zuba mata kalmar sirri. Maganinta shi ne maɓallin da babu manhajar da za ta iya tarewa. Ctrl da Alt da Del, waɗanda David Bradley na IBM ya haɗa don sake kunna PC, su NT ya ɗauka ya ba wannan aiki. In ka danna su, babbar manhaja ce kaɗai ke amsawa. Sauran maɓallai kuwa Windows ya bar ƙofar saƙala ƙugiya a kansu, manhaja ta ji kowane dannawa kafin mai shi. A 2017 wani kamfanin tsaro na Suwizalan, modzero, ya gano cewa manhajar sauti ta Conexant da ke zuwa cikin wasu kwamfutocin HP tana rubuta duk abin da aka danna a wani fayil da kowa ke iya karantawa. Abin da take nema shi ne maɓallan kashe makirfo da makamantansu. Don ta ji 'yan maɓallai, sai ta saurari duka. Laifin masu rubuta ta a fili yake, amma ni na fi ganin laifin ƙofar da ta yi faɗi haka. Apple ma sai a 2019, a macOS Catalina, ya sa dole manhaja ta nemi izinin mai kwamfuta kafin ta saurari kibod daga bayan fage.

Kada ku zaci tsaurin nan kyauta ne, kuma mu masu rubutu da Hausa muna cikin masu biya. Babu maɓallin ƙ ko ɗ ko ɓ a kibod ɗin da ake sayarwa a kasuwa, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Dole wani abu ya tsaya tsakanin yatsa da manhaja ya yi fassara. In teburin fassara ne kawai, irin shimfiɗar Hausa ta Nijeriya da ta Gana da ke cikin XKB a Linux, ba damuwa, tebur ba ya leƙen asiri. Amma manhaja irin Keyman, wadda ke duba abin da ka riga ka rubuta kafin ta yanke harafin da za ta fitar, dole ta ji kowane maɓalli, ta haɗiye wasu, ta ƙirƙiri wasu. A idon kanel ba ta da bambanci da ɓarawo. Haka manhajar da ke karanta wa makaho allo, irin Orca. Haka mai son danna maɓalli ɗaya ya buɗe makirfo alhali yana cikin wata taga. Waɗannan duka sun sha wahala a shekarun farko na Wayland, kuma masu ƙorafi suna da gaskiyarsu.

Ni dai ina bayan tsaurin, da sharaɗin a buɗe ƙananan ƙofofi masu suna. Mai son maɓalli ɗaya ya yi rajistarsa wurin alƙali, a sanar da shi in an danna, kada ya ji saura. Mai fassarar haruffa ya sami kujerarsa ta musamman wadda mai kwamfuta ne ke ɗora shi a kai. Wayoyin hannu sun riga kwamfuta a nan: Android yakan gargaɗe ka in za ka kunna kibod na wani kamfani cewa zai iya tattara duk abin da ka rubuta, iPhone kuma yakan ajiye baƙon kibod ya dawo da nasa in an zo gurbin kalmar sirri.

Saura ɗaya ɓangaren, wanda zan taɓa a gurguje: wa ke da ikon yin magana da bakin kibod? A taminal akwai tsohon kira mai suna TIOCSTI da ke cusa harafi kamar mutum ne ya danna, an sha amfani da shi wajen tsallake shinge a sa shel ta gudanar da umurnin da mai ita bai rubuta ba. OpenBSD ya cire shi a 2017, Linux kuma ya ba da damar kashe shi daga siga 6.2. Ta fuskar waya kuwa, duk na'urar USB da ta ce ita kibod ce, kanel yakan yarda. Karsten Nohl da Jakob Lell sun nuna a 2014 cewa ana iya sauya cikin filasha ta riƙa faɗin haka, ta rubuta umurni da saurin da yatsa ba ya yi.

Ɗalibai, ga aikin da za ku yi a ɗakin gwaji kafin mako mai zuwa. Ku buɗe taminal biyu a Linux, ku kunna evtest a kowanne kan fayil ɗin kibod ɗinku, ku tabbatar duka biyun suna ganin kowane dannawa ko da kuna rubutu a taga ta uku. Sannan ku sake kunna ɗaya da zaɓin kamu, ku ga ɗayan ya yi shiru. Ku lura da abu biyu. In kamun ya riga yatsanku tashi daga Enter, saukar ta tafi wurin manhajar tagogi, tashin ya tafi wurin evtest, sai ku ga Enter na ta maimaita kansa ba mai danna shi. Ku sa jinkirin sakan ɗaya kafin umurnin ku gwada bambancin. Na biyu, Ctrl da C ba za su cece ku ba, domin su ma evtest ne kaɗai zai ji su. Ku sa timeout na sakan 20 a gaban umurnin tun kafin ku danna.

A nan zan dakata, a buɗe fagen tambayoyi.